Kafin Ki Miƙa Ɗanki Raino na Rabin Wuni

Akwai tambayar da mata ke yawan kawo mini daga Gagarawa Tasha, Gumel da ƙauyukan Sule Tankarkar: yaro ya shekara biyu ko ya kusa, ga aiki ya taso, in kai shi makarantar raino ya riƙa yin safiya a can, ko in haƙura da aikin? Wata malamar firamare ce, wata ɗaliba ce a Kwalejin Ilimi ta Gumel, wata tana duba masu awon ciki a asibitin karkara, wata kuma ƙuli-ƙuli take yi a tsakar gidanta, hankalinta ba ya kwanciya muddin yaro na tatata kusa da kaskon mai. Kusan kowacce da muryar mai laifi take tambayar.

'Yar'uwa, fara sauke wannan nauyin tukuna. A ƙasar nan ba a taɓa rainon yaro da hannun uwarsa kaɗai ba. Ke kanki ki tuna bayan da kika girma a kai: na kaka, na goggo, na yayarki, wataƙila har na abokiyar zaman mahaifiyarki. Ɗan fari kuwa ko sunansa uwarsa ba ta kamawa, in lokacin yaye ya zo a ɗauke shi cak a kai wa kakarsa. Saboda haka miƙa yaro ga wani na 'yan sa'o'i ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Hannun da ake miƙa wa ne ya sauya. A da na gida ne, kin san halinsa tun kina ƙarama. Yanzu an tura maigida aiki Maigatari, uwar miji tana can wajen Medu, ƙannenki suna makaranta, ke kuma kina gidan haya tsakanin mutanen da bara ma ba ki san su ba. Abin da za ki tsaya ki auna ke nan: hannun wa, awa nawa, kuma bisa wace magana.

Shekarun yaron ne ke fara yanke hukunci. Jaririn da bai cika wata 6 ba, ni dai ba na ba da shawarar a raba shi da uwarsa rabin wuni, domin nono zalla ake so ya sha a wannan lokacin, ko ruwa ba a haɗa masa, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da ma'aikatan asibitocinmu ke ta nanatawa. In aiki ya tilasta, ki tafi da shi tare da mai riƙe miki shi a inda za ki iya leƙawa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta tanadi hutun haihuwa na mako 12, ta kuma ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana don ta shayar da ɗanta. Mata da yawa ba su san da wannan ba, shugabanninsu a wurin aiki ma haka, don haka ki nema da ladabi, amma ki nema.

Daga wata 6 zuwa shekara 2, mutum ɗaya da ya saba da shi yaro ke buƙata, aji bai amfane shi da komai ba tukuna. Wajen wata 8 yake fara ƙiwa, ta yi ƙamari tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi, sannan ta riƙa sauka a hankali. Tsofaffi kan ce an sangarta shi ne. Ba sangarta ba ce. Wata masaniyar halayyar yara, Mary Ainsworth, ta zauna da iyaye mata a ƙauyukan kusa da Kampala ta Yuganda a 1954 da 1955, tana kallon jarirai a tsakar gidajensu. Ta lura cewa in wanda yaro ya amince da shi yana kusa, sai ya rarrafa ya yi nisa yana taɓe-taɓe, ya waiwayo, ya dawo ya taɓa gwiwarsa, ya sake fita. In babu shi, wasan ma tsayawa yake yi. To yaron wannan shekarun zai iya sabawa da wata mace bayan ke, ya mai da ita madogara, amma ba zai iya sabawa da fuska uku da ke karɓa-karɓa a kansa ba.

Tsakanin shekara biyu da rabi da uku ne zama cikin yara ke fara yi masa daɗi. Ma'aunin da na fi yarda da shi ba tsayinsa ba ne, bakinsa ne. Yaron da zai iya cewa yana jin fitsari, ya iya dawowa ya ce miki "Anti ta doke ni" ko "ban ci komai ba", ya kai a kai shi inda idonki ba ya gani. Wanda bai buɗe baki ba, ke ce bakinsa, sai ki ninka sa ido. In kuwa ya kai shekara 5, kada ki wahalar da aljihu kafin ki je wurin hedimastan firamaren unguwarku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 kuma ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya a makarantun gwamnati. Ki tambaya ko suna da ajin, ki shiga ki gan shi da idonki.

Akwai hanyar da ta fi kowacce sauƙi, ita ce kuma na fi so ki yi dogon tunani a kanta: a aika ƙauye a ɗauko 'yar raino. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara, 'yar ƙanen maigida ko 'yar wata da ake wa alheri, a ba ta majanyi a ɗaura mata yaro tun safe. Mun saba ganin haka har mun daina gani. Amma ki dube ta da kyau wata rana: ƙafafun goyon suna bugun bayan gwiwarta, tana tafe tana karkacewa, in ta ji ana 'yar gala-gala a waje sai ta dire shi a gindin bango ta shiga layi. Ba mugunta ba ce, yarinya ce. Ba za ta gane zazzaɓin da ya kai a ruga asibiti ba, ba ta san abin yi in ya shaƙe da ƙwayar gyaɗa ba, in ya faɗi kuwa ɓoye miki za ta yi don tsoron duka. Sannan ga abin da ba a son faɗa: ke malama ce, kin fita koyar da 'ya'yan wasu, ko kin tafi kwaleji neman takarda, kin bar 'yar wani a gida babu makaranta saboda naki karatun ya yiwu. In dole sai an kawo ta, to ta shiga makaranta kamar 'yar cikinki, ta taya ki da yamma, safiya kuwa a nemi babba.

A gari kamar Gagarawa Tasha, da ke bakin layin dogon Kano zuwa Nguru wanda aka kammala a 1930, ba za ki tarar da makarantun raino birjik kamar a Kano ko Dutse ba. Yawanci zaɓi biyu ne a gabanki: wata dattijuwa ko maƙwabciya da za ta riƙe miki shi a gidanta, ko 'yar makarantar kuɗi mai ajin nazare. Mutane kan ɗauka mai allon suna da yunifom ita ce ci gaba, ta gida kuwa maneji ce. Ga yaron da bai kai uku ba, sau da yawa akasin haka ne. Dattijuwa mai tsafta, mai sanyin rai, da yara biyu ko uku a gabanta da inuwar darbejiya a tsakar gida, ta fi ɗaki mai fenti da aka cusa yara talatin. Ko wanne kika karkata gare shi, awo ɗaya za ki yi musu.

Gani ya kori ji. Kada ki yanke shawara ranar da aka gayyace ki, an yi shara an yayyafa ruwa. Ki je ba sanarwa wajen ƙarfe 11 na safe, lokacin da rana ta fara dukan kwano, yara sun gaji, wasu sun jiƙa wando, mai kula da su ma haƙurinta ya fara ƙarewa. Ki yi sallama ki nemi wuri ki zauna kamar rabin awa. Hancinki zai riga idonki ba ki labari, domin zarnin fitsarin da ya kwana a tabarma ba ya ɓuya. Ki dubi randa ko jarkar ruwan sha, a rufe take ko kowa na tsoma hannu da moɗa ɗaya. Ki nemi inda fo yake, ki ga ko akwai sabulu kusa da buta. Ki zaga bayan ɗaki kamar mai neman makewayi: rijiya marar murfi, masai a buɗe, murhu da garwashi, kananzir ko fiya-fiya a cikin gorar lemo, bokiti cike da ruwa a ƙasa. Kada ki raina bokitin nan, ɗan shekara biyu kansa ya rinjayi jikinsa, in ya leƙa ya faɗa ba ya iya fitowa, kuma ba ya ihu. Ki ɗaga kai ki ƙirga tagogi, ki tuna cewa a watan Afrilu zafin nan namu yana haura digiri 40. Ki ga ko ƙofar waje tana rufuwa, ko kuwa daga zaure sai titin da babura ke gudu.

Sannan ki ƙirga kawuna. Manufar ilimi ta 2013 ta ce babba ɗaya ga yara 10 a gidan rainon jarirai, malami ɗaya ga 25 a nazare. A ganina goman ma ta yi yawa. Allah ya kiyaye, in gobara ta tashi, mace ɗaya yara nawa za ta fitar a tashi guda? Ɗaya a baya, ɗaya a kafaɗa, ta ja na uku. Ki kuma tambaya wa ke tsayawa in ita ta shiga salla ko ta tafi biki.

Duk waɗannan ana iya gyara su da kuɗi kaɗan. Halin mai raino ne ba ya gyaruwa, shi ya sa nake cewa ki zauna ki yi kallo. In yaro ya faɗi, wurinta yake rugawa ko waje yake nema ya raɓe? Tana durƙusawa ta yi masa magana ido da ido, ko daga kan kujera take daka tsawa idonta na kan waya? Ta san sunan kowa, ko "kai, wancan" ne? Ajin 'yan shekara uku da ya yi tsit, kowa ya naɗe hannu a ƙirji, ba tarbiyya kike gani ba, tsoro ne. In kin hango tsumagiya a kan tebur, ki tambaya kai tsaye: "Malama, in yaro ya yi fitsari a wando, me kuke yi masa?" Yadda za ta amsa, da abin da fuskarta za ta yi kafin ta amsa, sun ishe ki.

Kada rera baƙaƙen Turanci ya ruɗe ki. Iyaye muna son yaro ya dawo yana haddace abin da mu ma ba mu gama ganewa ba, masu makarantun kuma sun san haka, shi ya sa ake zaunar da ɗan shekara uku a benci awa huɗu da fensir a hannu, ƙarshen shekara a ɗinka masa doguwar riga da hula a karɓi kuɗin walima. Ɗan wannan shekarun da wasa yake koyo: ya cika gwangwani da ƙasa ya juye, ya ja motar kara, a yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya yi ta tambaya, a koya masa gaisuwa da bismilla kafin cin abinci, cikin harshen da yake ji a gida. Wanda bakinsa ya nuna da Hausa ko Fulatanci, Turanci da Larabci ba za su gagare shi ba in lokacinsu ya yi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla awa 3 na motsa jiki a wuni, wanda bai kai 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya. Ki faɗa wa mai rainonki wannan, domin miƙa wa yaro waya ya zama sabuwar hanyar rufe masa baki.

Kafin ranar farko, ki ɗauko katin rigakafinsa ki kai asibiti a duba miki. Inda yara suka taru, nan cuta ke yin kasuwa. Allurar da ake yi a mako 6, 10 da 14 tana kare shi daga mashaƙo da tarin shiƙa, kuma duk mun ga yadda mashaƙo ta yi ɓarna a Kano da jihohin da ke kewaye da ita a 2023, galibi a cikin yaran da ba a kammala wa rigakafi ba. Ta ƙyanda sau biyu ce, a wata 9 da wata 15, ta biyun ce iyaye suka fi mantawa. Sanƙarau kuwa ba sai an ba mutumin Gumel ko Maigatari labarinsa ba, da zafi da cunkoso yake tafiya; a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'insa biyar, Jigawa na cikin jihohin da aka fara da su. Ki tambayi makarantar ko suna neman katin kowane yaro. In ba sa nema, kin san da wa ɗanki zai zauna. Da damina kuma, masu bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 da safe suke zuwa, daidai lokacin da ɗanki ba ya gida. Ki gaya wa maƙwabta inda za a same shi, ki kuma tabbata ya sha na kwana na biyu da na uku a hannunki.

Ki sa a ranki cewa watannin farko zai yi ta kwaso mura da tari, wani lokaci da gudawa. Haka abin yake ga kusan kowane yaro, yana raguwa. Ki ajiye ƙunshin gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinki a gida. Ranar da ya tashi da zazzaɓi, amai, gudawa ko ƙuraje, ya zauna a gida, ko da za ki rasa aikin ranar. Tun yanzu ki san wa za ki kira a irin wannan safiyar. Magana ɗaya kuma da ba a sassautawa: ba wanda zai ba ɗanki magani, na kemis ko na gargajiya, ba da saninki ba. Akwai masu ɗura wa yara maganin mura mai sa barci don su samu sararin aikinsu. In kullum kika zo ɗaukarsa kina tarar da shi yana barci kamar an zare masa laka, ya tashi yana layi, ki bincika.

Abinci ki haɗa masa daga gida. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Jigawa sun tsumbure, ba kuma kullum rashi ne ke jawo haka ba, har da tsallake lokacin ci. Cikin yaro ƙarami ne, sau uku ko huɗu yake buƙatar ci a wuni, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Safiya guda a gidan wani tana iya cinye masa ci biyu ba ki sani ba. Kunun gyaɗa a fulas, dafaffen ƙwai, alala, dankalin Hausa, sun fi cincin da lemon roba. Banda gyaɗa ko aya ƙwaya-ƙwaya ga wanda bai kai uku ba. Ki riƙa buɗe kwanon in ya dawo, ki kuma tambaya shi ya ci ko manyan yara ne suka taya shi.

In mai raino ta gida kika zaɓa, abin da ke ɓata irin wannan zama kunya ce. Za ki ce nawa zan riƙa bayarwa, ta ce haba, ai ɗa na kowa ne. Ki yi godiya, amma kada ki tsaya nan. Raino na kyauta shi ne wanda ba ki da bakin cewa a gyara, ita kuma ranar da ta gaji ba ta da bakin cewa ta gaji, sai abin ya fito ta kan yaron. Ki same ta ku biyu ki ce: "Inna, don Allah ki bar ni in riƙa kawo ɗan kuɗin sabulu duk ƙarshen wata, hankalina zai fi kwanciya." Ki yanka adadi, ki riƙa biya kan lokaci ko an yi albashi ko ba a yi ba. A zama ɗaya ku gama sauran: ƙarfe nawa za ki kawo, ƙarfe nawa za ki ɗauka, ba a fita da shi unguwa, ba a ba 'yan talla su tafi da shi, ba duka. Ki tambaye ta ranakun da ba ta da sarari. Wata duk Alhamis gidanta cike yake da hidimar abincin sayarwa saboda kasuwar Maigatari, wata da kaka ta kama sai sussukar gero da tsintar zoɓo da kaɗa riɗi, ba za ta ce miki a'a ba, amma jikarta ce za ta yi rainon. Gara ki sani tun yanzu.

Game da awoyi, ki fara da kaɗan, kuma su zama tsayayyu. Awa uku ko huɗu na safe, a ranaku sanannu, sun fi wuni guda cur yau, gobe babu, jibi rabin wuni. Yaro bai san agogo ba, jerin abubuwa ya sani: an sha kunu, an yi wasa, an kira azahar, Umma ta zo. In kin ce za ki zo kafin azahar, ki zo. Wanda zai ɗauko shi kuwa a ambace shi da suna, mutum biyu ko uku, a gaya wa makaranta ko mai raino cewa ko wa ya zo bayan waɗannan kada a ba shi, ko da yaron ya ruga ya rungume shi. A ƙarshen 2021 an sace wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano aka kashe ta, wanda kotu ta samu da laifi kuwa mai makarantar da take zuwa ne, fuskar da ta sani sarai. Sanin fuska ba izini ba ne. Kada kuma a ɗora ɗan shekara uku a kan tankin babur tare da wasu huɗu a ce ɗan acaba ya rarraba su gida-gida.

Malam maigida, wannan sakin layin naka ne. Kuɗin raino ba kuɗin kwalliyarta ba ne da za ka ce ta ji da shi tunda ita ta zaɓi aiki. Ɗanka ne. Ka je ka ga wurin da ƙafarka, ka gaisa da mai gidan ko mai makarantar, a san yaron nan yana da uba mai bibiya. Wannan kaɗai yana sauya yadda ake riƙe yaro. In Hajiya mahaifiyarka ta ji labari ta ce a kawo mata shi ƙauye ta riƙe gaba ɗaya, kai ne za ka yi mata bayani, ba surukarta ba. Ka ce mata safiya ce kawai, yana kwana a gida, za a kuma riƙa kawo mata shi ranar hutu. In kuwa tana gari ɗaya da ku kuma da sauran ƙarfinta, to ita ce ta farko da za a tuntuɓa, a kuma riƙa yi mata ihsani kamar yadda za a yi wa bare, har ma fiye.

Saura ranar farawa, inda mafi yawanmu muke kuskure. Mai dashen tumatir ba ya tuge shi da tsakar rana ya karkaɗe saiwar. Da yamma yake cirewa, da ƙasarsa a jiki. Haka yaro ma yake. A Jamus akwai tsarin da gidajen raino da yawa ke bi, wanda aka fi sani da tsarin Balin: kwana uku na farko uwa ko uba na zuwa da yaro su zauna tare kamar awa ɗaya su koma gida, sai a rana ta huɗu ake gwada rabuwa ta 'yan mintoci, daga nan a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda yaron ya karɓa. Ba abin da zai hana ki yin haka a Gagarawa. Ki fara mako guda ko biyu kafin ranar komawarki aiki. Ki zauna a gefe ki bar mai rainon ta jawo shi da kanta, ta ba shi ruwa, ta wanke masa hannu kina kallo. Ki bar masa wani abu mai ƙanshin gida, ko tsohon ɗankwalinki ne. Ranar da za ki tafi, kada ki sulale yana wasa, kada kuma ki ce za ki sayo masa alawa ki dawo yanzu. Wanda aka sulale wa sau ɗaya, gobe ko makewayi ba zai bar ki ki shiga ba. Ki durƙusa ki ce masa: "Zan je aiki, Inna za ta kula da kai, in an kira salla zan zo." Ki tafi ko yana kuka, kada ki yi ta dawowa daga bakin zaure. Kukan rabuwa ba shi ne ma'auni ba. Abin tambaya shi ne, bayan kin tafi ya yarda ta rarrashe shi, ya ci, ya yi wasa?

Don hankalinki ya ƙara kwanciya: a Amurka an bi yara sama da 1,300 tun daga haihuwarsu a 1991, wasu a gida, wasu a gidajen raino iri-iri. Raino mai kyau ya ɗan taimaka wa bakin yara da fahimtarsu, amma abin da ya fi tasiri nesa ba kusa ba shi ne gidan da yaro ke komawa, da yadda iyayensa ke sauraronsa suna amsa masa. Don haka in kin ɗauko shi, kafin ki hau wanke-wanke, ki ba shi ɗan lokaci a cinya. Zai iya yi miki rigima ta babu gaira babu dalili a wannan lokacin, ya tara ta ne ya kawo inda ya fi amincewa.

Ki ba abin mako uku zuwa huɗu. In bayan nan har yanzu yana wuni yana kuka, ya daina ci, yana firgita cikin barci, ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya ƙanƙame ki yana rawar jiki da zarar kun doshi layin gidan, to a dakata. Wataƙila lokacinsa bai yi ba, a sake gwadawa bayan wata uku. Wataƙila wurin ne. Ki riƙa yi masa wanka da kanki da yamma kina duba jikinsa. Shatar bulala, ƙuna, ko ciwo a gabansa ko bayansa da aka kasa yi miki bayaninsa, wannan ba a jiran ƙarshen wata: ki cire shi a ranar, ki kai shi asibiti a duba a rubuta, ku sanar da mai unguwa ko hukuma. In kuwa ba laifin kowa ba ne, jininsu ne kawai bai haɗu ba, ki cika mata kuɗin watan, ki kai mata ɗan goro, ki ce za ki ɗan riƙe shi a gida tukuna.